Iya Talatu da Labaran Ƙarfe Biyar

Ranar da gidan talabijin ɗin nan ya ɗauke labaran Hausa daga ƙarfe biyar na yamma, mu mazan unguwar Sabo ta Badun mun yi fushi kamar an kwashe mana takalma a ƙofar masallaci. Muna zaune a teburin Babandi mai shayi, kowa ya gyara hula yana jiran fuskar Mu'az ta bayyana, sai ga wani ƙaton mutum da kwalba a hannu yana tallar maganin basir da Yarabanci. Muka ɗauka kuskure ne. Washegari ma shi ne, har ya ƙaro kwalba ta biyu.

Daga baya muka ji bayani. Gidan ya samu sababbin shugabanni, sun yi garambawul. Ƙarfe biyar an sayar wa mai maganin basir. Labaran Hausa an mayar da su ranar Asabar da hantsi, lokacin da duk mai abin yi yana kasuwa, kuma wata yarinya ce za ta riƙa karantawa, Khairunnisa, haifaffiyar Badun da ta gama jami'a. Shi kuwa Mu'az, ɗanmu da ya yi shekaru yana karanta mana labarai, an yi masa ƙarin girma. An ba shi ofis mai sanyi a saman bene, an cire shi daga gaban kyamara.

Muka ce an raina Hausa. Muka ce Hausar yarinyar tana ƙanshin Yarabanci, mu da 'ya'yanmu ko faɗa za su yi da juna sai da Yarabanci. Amma abin da ya ƙona mana rai da gaske gaisuwa ce. A ƙarshen labarai Mu'az yakan jero sunayen masu kallo ya gaishe su, kuma wanda aka ambata ranar, har takunsa sai ya canza. Wannan muka rasa, shi muke wa makoki.

A duk surutun nan babu wanda ya tuna da Iya Talatu.

Iya Talatu ita ta haifi Mu'az. Gidanta yana cikin lungun da ke bayan teburin Babandi. Tana zaune da ƙaramin ɗanta Ridwan mai gyaran waya, da matarsa Muhibbat mai suyar awara. Mu'az ɗan farinta ne, ita kuwa mutuniyar da ce, irin waɗanda ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa tambayarsa, ba sa nuna sun damu da shi ko da zuciya na ci da wuta. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "yaron nan".

Yaron nan yana zaune a unguwar masu hali ta Bodija, tafiyar da keke-napep ɗaya ke kai mutum. Rabonsa da ɗakinta tun wata babbar Sallah da har an manta naman. Ya saya mata talabijin, ya sa mata sola don kada ɗaukewar wuta ta hana ta kallo. In wani ya yi masa maganar zuwa, amsarsa ɗaya ce, yana dariya: "Ai Iya kullum tana ganina." Mu ma mu yi dariya, mu ce wallahi kuwa, wace uwa ce ta kai ta sa'a.

Kuma tana ganinsa ɗin. Da ta idar da La'asar sai ta ja tabarma gaban akwatin, ta zauna da carbi. Ta nan take sanin ya rame ko ya yi ƙiba, yana mura ko ya warke.

Ranar farko da mai kwalba ya fito, ta zauna har ya gama. Rana ta biyu ta kira surukarta.

"Muhibbat, akwatin nan ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau, Iya."

"To wane ne wannan mai ihu?"

"Sun canza tsari ne, Iya."

"Oho. Dama farashin albasa nake son ji."

Tsohuwar da rabonta da sayen albasa da hannunta tun Ridwan yana rarrafe.

Kwanaki suka ja. Kullum ta zauna, kullum mai kwalba. Ta fara barin tuwo a kwano. Wata yamma, ba tare da ta ɗaga kai daga carbi ba, ta ce, "Mutanen Bodija lafiya dai suke ko? Babu wanda ya kwanta?"

Muhibbat ta gaya wa mijinta. Ridwan ya fito teburin shayi ya kira yayansa, ya buɗe muryar wayar don hannunsa na riƙe da kofi. Duk muka ji.

"Yaya, Iya fa ta shiga damuwa. Gani take wani abu ya same ka. Ka shigo ko na minti kaɗan ne."

"Ta ce tana nemana?"

"Ka san ba za ta faɗa ba."

"To ka gani. Ridwan, kai ba ka san aikin nan ba. Sabon muƙami ne, mitin a kan mitin. Ga cunkoson motoci a Mokola. Kuma da na sako ƙafa Sabo mutane za su yanyame ni, wannan a sa ɗansa aiki, wancan a ambaci shagonsa. Sai in wuni ban isa ɗakin Iya ba."

Muka dubi kofunanmu. Babu wanda a cikinmu bai taɓa tare masa mota ba.

"To in gaya mata an ɗaga ka, ka daina fitowa?"

"A'a, kar ka soma. In ka gaya mata sai ta zauna tana kallon bango? Kai ba mai gyaran waya ba ne? Tsofaffin labaraina suna nan a ajiye. Zan sa a turo maka, ka zuba a filash, ka soka a bayan talabijin ɗin. Biyar na yi a kunna mata. Ina ruwan Iya da kwanan wata?"

Da ya kashe waya, Malam Sharfuddeen, dattijon majalisarmu, wanda gemunsa ya fi na kowa fari, ya girgiza kai ya ce, "Kai, boko dai wani abu ne. Dubi dabara!" Muka ce wallahi. Babandi ya ƙara wa Ridwan shayi kyauta, ya ce injiniya ne.

Dabarar ta ci. Washegari yaron nan ya dawo cikin akwati, da ƙuruciyarsa ma fiye da da. Iya Talatu ta cinye tuwonta, ta ce wa Muhibbat, "Ashe sun gyara." Ta ƙara da cewa, "Hutun ya karɓe shi." Muhibbat ta ce a ranar ta kasa haɗa ido da ita.

Ridwan ba ya duba abin da yake kunnawa. Wanda yatsansa ya faɗa a kai shi ne na ranar. Ana cikin watan Rajab, wata yamma Mu'az ya fito da farar riga ya ce, "Masu kallonmu, barkanmu da shigowar wata mai alfarma. Yau ɗaya ga Ramadan."

Carbi ya faɗi daga hannun tsohuwa.

"Innalillahi! Muhibbat! Yau azumi, kuka bar ni na ci abinci?"

"Iya, ba a soma ba. Da saura."

"Yanzu yaron nan ya faɗa."

Muhibbat ta buɗe baki, ta tuna mijinta ya gargaɗe ta kada ta tona, ta rufe. Ta ce, "Wataƙila ba ki ji daidai ba ne."

"Kunnena ƙalau yake. Lissafina ne dai ya ɓace. Shi ba ya karanta ƙarya."

Washegari ta tashi da azumi. Da rana ta ji ƙarar cokali a kofi daga waje, ta ɗauki sanda ta fito lungu, ta same mu a jere, kowa da burodi a baki.

"Subhanallahi! Malam Sharfuddeen, har da kai? Da furfurarka, rana tsaka, a watan azumi?"

Burodi ya tsaya wa Malam a wuya. Wani ya fara dariya, sauran muka kama. Duk mun san daga inda maganar ta fito. Kalma ɗaya ta isa a warware mata, amma kalmar za ta tona asirin mai ofis a saman bene, kuma kowannenmu yana da wata 'yar buƙata da yake tanadi.

"Iya, wa ya ce miki an ga wata?" in ji Usman mai kayan miya.

"Yaron nan."

"Wane yaro? Yara ai da yawa a Sabo. Faɗi sunansa mu ji."

Ya san ba za ta iya ba, shi ya sa ya tambaya. Ta tsaya tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juya ta koma. Malam Sharfuddeen ya kurɓi shayi ya ce, "Allah sarki, tsufa. Allah ya sa mu gama da hankalinmu." Muka ce amin da ƙarfi.

Ba ta karya azumin ba. Tsakanin maganar ɗanta da ta majalisarmu ta zaɓi ta ɗanta, kuma ban ga laifinta ba. Tana da ciwon suga. A rana ta biyu Muhibbat ta same ta a yashe bakin ƙofar banɗaki. Aka kira ma'aikaciyar jinya ta unguwa, aka yi mata ƙarin ruwa, ta farfaɗo.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya. Sai aka samo wata kalma da ta fi gaskiya sauƙin ɗauka: Iya ta fara rikicewa. Ridwan ne ya fara faɗa, ya ji ta zauna masa daidai, ya kira Bodija ya maimaita.

"Ka gani ko?" in ji Mu'az. "Abin da nake tsoro ke nan. Yanzu ko na zo ba lallai ta gane ni ba, kuma ni zuciyata ba za ta ɗauki ganinta a haka ba. Zan aiko da magani. Ku dai riƙa rufe ƙofar zaure, kada ta sake fita ta ba mu kunya."

Aka riƙa rufe ƙofa. Matan lungu da ke shigowa hira suka koma yi mata magana da ƙarfi, a hankali, kamar ga ƙaramin yaro. In ta ce gishiri ya yi yawa a miya, sai a kalli juna. In ta ce za a yi ruwa, sai a ce to Iya, to. Ta daina gardama. Ta daina magana ma sai kaɗan. Amma biyar na yi tana gaban akwati, kuma yanzu ba fuskar kaɗai take kallo ba, tana sauraro kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Wata yamma labarai suka ƙare, Mu'az ya shiga gaisuwa. Ya gaida wane, ya gaida wane, ya ce, "Da Malam Muhsin mai goro, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana."

Malam Muhsin ya rasu tun bara. Iya Talatu ce ta taya matarsa zaman takaba.

"Muhibbat."

"Na'am, Iya."

"Kashe. Matattu ake gaisarwa a ciki."

Muhibbat ta kashe, ta durƙusa a gabanta, ta fashe da kuka. Ta faɗa mata komai, da ƙarin girman, da filash ɗin, da wanda ya kawo shawarar. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe.

"Lafiyarsa dai ƙalau?"

"Ƙalau, Iya."

"To alhamdulillahi. Ɗauko zane ki rufe abin nan."

Daga ranar ba a sake kunnawa ba. Ba ta yi wa kowa ƙorafi ba. Abinci dai ya koma cokali biyu, ta juya fuska bango.

Muhibbat ta fito da kanta ta tsaya nesa da teburinmu, ta ce, "Baba Malam, ku ne manya. In ba ku je kun yi masa magana ba, wa zai je?" Kunya ta kama mu, abin da ba ta saba yi ba. Muka yanke shawarar tafiya ofishinsa mu faɗa masa gaskiya komai ɗacinta.

Muka sha manyan riguna. A cikin keke muka raba aiki: Babandi zai buɗe, ni in kawo maganar rashin lafiya, Malam Sharfuddeen ya rufe da nassin haƙƙin uwa, wanda ya yi ta bita tun daga gida. Muka hau bene. Sanyin ofis ya doke mu, aka kawo lemo da biskit. Mu'az ya taso ya durƙusa har ƙasa.

"Iyayena! Wallahi kamar kun sani. Khairunnisa tana neman dattawan da za su yi magana a kan tarbiyyar yaran zamani, mun rasa masu baki irinku. Ku taimaka mana."

Kafin mu ankara an shafa mana hoda a goshi, an jera mu gaban fitila. Muka yi magana kuwa. Muka ce yaran yanzu ba sa ganin girman iyaye, waya ta lalata su. Malam Sharfuddeen ya kawo nassinsa, ya karanta da murya mai rawa har mai riƙe da kyamara ya ce masha Allah. Mu'az ya rako mu har bakin get, yana cewa Asabar za a nuna.

Sai da keke ya kawo mu shataletalen Mokola Babandi ya dafa goshi.

"Af! Maganar Iya fa?"

Malam Sharfuddeen ya gyara zama ya ce, "Ai yana tsaye lokacin da na karanta. Mai hankali ishara ta ishe shi."

Ranar Asabar babu wanda ya je kasuwa da hantsi. Muka kalli kanmu, kowa yana cewa an yanke masa magana.

Abin da tawagarmu ta kasa, mai suyar awara ta yi shi. Shirin namu ya samu karɓuwa, sai gidan talabijin ya zo Sabo ɗaukar ci gabansa, Mu'az da kansa ya rako su. Motarsu tana kutsawa ta gaban teburin Babandi, Muhibbat ta fito da matsami a hannu ta tsaya a tsakiyar hanya.

"Yaya, ejo, don Allah, sauko."

Ya sauke gilashi kaɗan. "Muhibbat, a kan aiki nake."

"Ni ma a kan aiki nake, awarata tana kan wuta. Ga ƙofar can kana ganinta. Sauko."

"Zan dawo na musamman."

Sai ta juya harshe zuwa Yarabanci, ta ɗaga murya yadda direba da masu kyamara za su ji, ta ce uwar mutumin nan tana kwance a lungun nan tana ƙarewa. Khairunnisa, yarinyar da muka ce ba ta san Hausa ba, ta juyo daga kujerar gaba ta ce, "Oga, mahaifiyarka a nan take? Ai sai mu jira ka."

Ya sauko. Muka bi bayansa kamar awaki, muka cika zaure, masu tsawo suna leƙe ta saman kafaɗar gajeru. Ya yi gyaran murya, ya yi sallama, ya shiga.

Tana zaune a kan tabarma, ta jingina da bango, ta lulluɓa da mayafi har goshi, yadda mace ke yi in namijin da ba nata ba ya shigo. Ta zama kamar tsinke. Ya durƙusa.

"Iya, barka da yamma."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, da furfurar da ta fito masa a gemu, da tumbin da akwati bai nuna mata ba.

"Muhibbat, kawo wa baƙo ruwa. A kofin gilashi."

"Iya, ni ne."

"Sannunku da zuwa, Alhaji. Daga ina kuke?"

"Daga Bodija, Iya."

"Kai, ai da nisa. Kun sha hanya." Ta ja carbi ɗaya. "Mahaifiyarku tana da rai?"

Daga zaure muna jin man awara yana ƙonewa a tsakar gida.

"Tana nan," ya ce, da ƙyar.

"Allah sarki. To ku riƙa leƙa ta. Tsofaffi ba sa iya faɗa."

Ta sauke kai ta ci gaba da jan carbi. Ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya miƙe ya fito yana share ido da hannun riga.

"Kun gani ko?" ya ce mana. "Ba ta gane ni ba."

"Sai haƙuri, Alhaji," muka ce baki ɗaya. "Lamarin tsufa ne."

Muhibbat tana tsaye bakin ƙofa. Ta ce, "Tun gyaran muryarka a zaure ta gane ka. Ita ta ce in miƙo mata mayafi."

Maganar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Gara a ce uwa ta haukace da a ce ɗa ya yi laifi, musamman ɗa mai ofis. Mun gaji alkunya daga iyayenmu mata, abu mai kyau: uwa ta haɗiye sunan ɗanta don kawaici, shi kuma ya san abin da ta haɗiye ya biya ta ba tare da ta roƙa ba. Rabin farko muka riƙe don ba ya cin mana komai, rabi na biyu muka yar. Yanzu shirun uwa ya zama hujja: ai ba ta ce ba. Wanda yake jiran mahaifiyarsa ta buɗe baki ta ce zo, ya riga ya san ba za ta ce ba, shi ya sa yake jira. Mu kuwa masu gemu da ke zaune a bakin lungu, da mun san gaskiya da ba mu sani ba duk ɗaya ne, tunda ba ta taɓa hana mu kurɓar shayi ba.

Mu'az ya tsaya tsakanin ƙofar gida da ƙofar mota. Direba ya duba agogo. Mu'az ya shiga mota.

Da ƙarar ta yi nisa, muka ji muryarta daga ɗaki, a hankali.

"Muhibbat, baƙon ya sha ruwan kuwa?"

Muhibbat ta dubi kofin a cike inda ta ajiye shi.

"Bai sha ba, Iya."